Ɗingishin Malam Dunoma

Nguru, 9 ga Fabrairu, 2008

Yaya Suwaiba,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Dunoma da yara da duk mutanen Gashua. Mu nan kalau muke, sai matata Fanne da mura ta kwantar kwanan baya, ita ma ta miƙe. Ta ce in yi miki godiyar bandar kifin da kika aiko ta hannun Fatihu direba. Ni ban yi godiya ba, don kan kawai aka zuba mini.

Bayan haka, maganar 'yarki Haula ce. Tun da kika kawo ta gidana don ta yi sakandare a nan ban taɓa rubuto miki yabonta ba, saboda na san halinki, cewa za ki yi daga wajenki ta gado. Yau kam ya zama dole.

Kin san bara an kawo wa makarantarmu 'yan kwamfutoci, aka ɗora mini koyar da su. Na gaji da koya wa yara buga suna da adireshi, sai na buɗe ajin yamma ga 'yan aji biyar, muna yin zane mai motsi, irin katun ɗin nan da yara ke kallo a talabijin. Kada ki ɗauka kwamfuta ce take yin aikin. Ɗalibi zai zana mutum a takarda, ya ɗora wata takardar a kanta bisa gilashi mai kwan lantarki a ƙarƙashi, ya sake zana shi ƙafarsa ta ɗan matsa gaba, haka dai har takardu su yi tuli. Sannan mu ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya mu zuba a kwamfuta, ta riƙa nuna su da sauri, sai ki ga mutumin ya kama tafiya. Rabin lokacinmu ma wajen lallashin janareta yake ƙarewa.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne tafiyar. Mutanen da suke zanawa zamewa suke yi kamar ana jan su da igiya. Na ce kowa ya je bakin kasuwa ko tashar jirgi ya zauna ya kalli yadda mutane suke taka ƙasa, ya kawo mini tafiyar da ya fi sani. Haula ba ta je ko'ina ba, daga ka ta zana nata. Da muka kunna, kowa ya zuba ido. Wani manomi ne da fartanya a kafaɗa, kina ganinsa kin san yana da nauyi, kin san ƙasa yake takawa. Don tsabar gwaninta har ɗingishi ta sa masa, ƙafar hagu tana ɗan zagayowa kafin ta sauka, kafaɗa tana bin ta. Tun da na fara koyarwa ban ga ɗalibi mai ido irin nata ba.

Yanzu da manomin nan muke haɗa ɗan fim da za mu kai gasar makarantu a Damaturu da damina. Roƙona ki bar mana ita hutun nan mai zuwa mu ƙarasa. Kada ki ce kewarta kike yi, na san tsinkar tattasai kike so ki ɗora mata.

Ki gaida Malam.

Ƙaninki,
Mudi

Gashua, 21 ga Afrilu, 2008

Mudi,

Bayan sallama, lafiyarmu lau, alhamdu lillahi. Ka gaida Fanne, ita ba ta yi mini komai ba.

Na bar maka yarinya hutu kamar yadda ka roƙa, ban ma tsaya ba ka amsa ba don ban ga abin musu a ciki ba. Da na karanta wasiƙar taka da natsuwa, da tun ranar na hau motar Nguru.

Ban kira ka a waya ba don sai na je rumfar masu waya zan yi kiran, kuma daga rumfar bala'in ya fito. Tun farkon watan nan wani abu yake yawo a wayoyin samarin garin nan, wannan ya tura wa wancan. Mutum ne na zane da fartanya yana ɗingishi, an ɗora masa kiɗan kalangu, duk takun da ya yi sai a buga. Ba a rubuta suna ba, kuma ba a bukata. Fuskar ba tasa ba ce, rigar ma ba irin tasa ba ce, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar tattasai a Gashua ya san mai wannan ƙafar. Ƙanwarsa Zahra ce ta kawo mini a wayar ɗanta, tana share hawaye. Ina dubawa na ga mijina, har yadda yake ɗan tsayawa ya ja numfashi kafin ya ɗaga ta hagun.

Yanzu in ya fito, yara bin sa suke yi a baya suna kiɗan da baki, wasu suna kwaikwayonsa. Mutumin da shan inna ya taɓa tun yana goye, ya yi furfura yana taka garin nan ba wanda ya taɓa tanka ƙafarsa, don da noma da riƙon amana aka san shi. Kai da kwamfutarka kun mai da shi abin dariyar 'yan acaɓa. Ya daina zuwa kasuwa, dillali yake ba wa tattasan. Masallacin Juma'a ma ta bayan gari yake bi. Bai ce mini uffan ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Na san mu abokan wasa ne, kakata da kakanka ciki ɗaya, kuma tun kana ƙarami bakinka ba ya shiru. Amma wasan nan tsakanina da kai yake, bai kai kan mijina ba. Ban kuma manta abin da mutanen gidanku na Nguru suka ce ranar da aka kawo kayan aurena ba, wai jikar fataken Hadejia ta rasa miji sai gurgun mutumin Bade mai tattasai. Ku ne masu shaguna ai. Na ɗauka an wuce wurin, shi ya sa na ɗauki 'yata na damƙa maka. Ashe jira kuke ta girma ku sa ta yi muku aikin da hannunta.

Wane irin ilimi ne wannan da ake koya wa 'ya ta tsaya ta ƙare wa ubanta kallo, sannan ta fitar da aibinsa a takarda? Mu da aka raina, ko ido ba ma haɗawa da iyayenmu.

Ka ba Fatihu amsa gobe in zai juyo.

Suwaibatu

Nguru, 2 ga Mayu, 2008

Yaya Suwaiba,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, an koma makaranta.

Ban ba Fatihu amsa washegari ba don da na rubuta a ranar, da zumuncinmu ya ƙare a kan takarda ɗaya. Kuma sai da na tsaya na bincika.

Wallahi ban san Malam Dunoma ba ne. Ganin da nake yi masa duk a zaune ne, a wajen biki ko ta'aziyya, kuma ban taɓa zama ina lissafin yadda yake tafiya ba. Haula ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Da wasiƙarki ta zo na kira ta ɗakin kwamfuta na tambaye ta. Ta dube ni ta ce, "Kawu, kai ka ce mu kawo tafiyar da muka fi sani." To me zan ce mata?

Abin da kuka gani a waya ba fim ɗin ba ne, gwajin tafiyar ne kawai da muka fara yi. Wani ɗalibi ne ya kwafe shi a wayar wansa don ya nuna a gida, daga nan ya bi motocin Gashua. Kalangun kuwa can garinku wani mara kunya ya ɗora, nan ba mu sa masa sauti ba. Na kori ɗalibin daga ajin, kuma na hana shiga ɗakin da waya.

Bari ki ji abin da ke cikin fim ɗin, tun da ba ki tambaya ba kika yanke hukunci. Kogi ne ya cika da damina ya fara cin gaɓar da ta tare gonakin shinkafa. Masu ƙafa biyu lafiyayyu suka kwashi kayansu suka yi tudu. Manomin nan shi ya juya, ya nufi wajen da ruwan ya ɓalle da fartanyarsa, sauran suka ji kunya suka biyo shi. Haula ce ta tsara labarin tun daga farko har ƙarshe. Wadda take so ta wulaƙanta ubanta ba haka za ta yi ba.

Tun da kuma kin tono maganar kayan aure, ki sani ina firamare aka yi bikinki, alawa kawai na sani a wurin. Waɗanda suka yi maganar nan yawancinsu suna ƙasa, Allah ya ji ƙansu. 'Yarki tana cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yana, in ta yi zazzaɓi Fanne ce take kwana a kanta, amma yau ni ne mai jiran ta girma in sa ta zagi ubanta. Maganar nan ta yi mini zafi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Kin ce wane irin ilimi ne. Kallo nake koya musu, Yaya. Duk ajin na tura su kalla, ita kaɗai ta gani. Yaran da suke bin dattijo da kiɗa a titi kuwa ba ni na koyar da su ba, ki fara da iyayensu, ai maƙwabtanki ne.

Ina ba Malam haƙuri, kuma in an yi hutu zan zo da kaina in durƙusa masa. Amma kada ki nemi in ce aikin yarinyar nan laifi ne, don ba zan faɗa ba.

Mudi

Gashua, 5 ga Mayu, 2008

Mudi,

Saƙo ya iso, muna lafiya.

Ka ce ba ka gane shi ba don a zaune kake ganinsa. Gaskiya ka faɗa, kuma ita ce ta fi komai muni a wasiƙar taka. Fatihu kullum sai ya je Nguru ya dawo da rana tsaka, amma tun da na yi aure ba wanda ya taɓa wuni a gidana daga cikinku har ya ga maigidan ya miƙe ya tafi masallaci. Ku sauka a mota, ku yi gaisuwa a tsaye, ku karɓi tattasai da shinkafa, ku juya.

Labarin kogi da fartanya ka riƙe abinka. Mutanen Damaturu za su tafa maka, a ba ka takarda ka rataye a ofis. Nan Gashua ba wanda ya ga kogi, ƙafa suka gani. In ka kai shi gasa aka nuna a talabijin, me zai hana a sake yanko ƙafar a sa mata wani kiɗan? Shekaranjiya na shiga gidan suna, mata suka yi shiru gaba ɗaya, wata tana tura waya ƙarƙashin zani. Kai kana can kana koyar da kallo, ni ake kallo.

Maganata ɗaya ce. Ka cire mijina daga cikin abin nan. In ba haka ba, ranar da aka yi hutu ka ɗora mini 'yata a motar Fatihu da akwatinta da katifarta, kuma ba za ta koma ba. Akwai makaranta a Gashua. Babu kwamfuta a cikinta, amma ba a koya wa yara tona asirin iyayensu.

Ban yi shawara da Malam ba, ba zan ƙara masa ciwo da zancen ba. Wannan tsakanina da kai ne. Durƙuson da ka ce za ka zo yi kuma ka ajiye shi, ba ma bukata.

Suwaibatu

Nguru, 30 ga Mayu, 2008

Yaya Suwaiba,

Gaisuwa. Kowa lafiya, sai zafi da ya ishe mu, ga wuta babu.

Ga faifai nan a cikin ambulan, ki nemi inda ake da injin kallo ki duba da idonki, don na san ba za ki yarda da bakina ba.

In na cire manomin gaba ɗaya, babu fim, don shi ne labarin. Aikin yara da yawa ne a ciki, wasu suka zana kogi, wasu gonaki, wasu suka ɗauko kukan ruwa da na kwaɗi daga fadama da rakoda, har ɗaya ya faɗa cikin kacala. Ba zan zubar musu da shi ba. Sai na duba na ga ba fuska aka gane ba, ba riga ba, ƙafa ce. Saboda haka aka gyara ƙafar. Yanzu babu Malam Dunoma a ciki, ko Zahra ba za ta ce ga shi ba.

Na karanta wa Haula sharaɗinki kamar yadda kika rubuta shi. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce, "Baba ne ya ce?" Na ce mamarki ce ta rubuto. Na ce wani daga cikin 'yan ajin ya sake zanen don in raba ta da wahala, ta ce ba wanda zai taɓa mata mutum. Ta riƙa zama a gindin darbejiya tana kallon malamin wasanni yana ratsa fili, ta kwafi tafiyarsa. Duk inda manomin ya taka a fim ɗin sai da ta sake zana shi, takarda bayan takarda, kullum bayan an tashi har la'asar ta yi sanyi. Da can in tana zane waƙa take yi ƙasa-ƙasa har sai na tsawata. Wannan karon ban ji muryarta ba. Tsofaffin takardun ta ɗaure su a leda ta tafi da su, ban san inda ta kai su ba, ban kuma tambaya ba.

Sabon mutumin yana tafiya daidai, ƙafa biyu cif, babu abin da za a ce. Kamar kowa yake tafiya, kuma in kin kau da kai kin manta shi. Da muka kunna, 'yan ajin suka kalla, wani ya tambaya ko a kashe janareta.

Kin samu abin da kike so. Na ɗauki ɗalibar da ta fi kowa ido a ajina na koya mata yadda ake rufe shi. Na cika sharaɗinki, sai ki bar yarinya ta gama karatunta lafiya.

Mudi

Gashua, 9 ga Yuni, 2008

Mudi,

Muna lafiya, an yi ruwan farko.

Faifanka bai zo hannuna ba. Fatihu ya tarar da Malam a ƙofar gida ya miƙa masa, ya ce saƙon Nguru ne. Ni niyyata in je gidan Alhaji Abdulganiyu maƙwabcinmu in kalla ni da matarsa, in ga ko ka cika alkawari, shi ke nan. Sai Malam ya shigo da ambulan a hannu ya ce, "Aikin Haula ne?" Na ce i. Ya ce to mu je tare.

Bayan la'asar aka tayar mana da inji. Muka ga kogin, muka ga mutane suna gudu, muka ga manomin ya juya. Ba zan ce bai yi kyau ba, kukan ruwan har tsikar jikina ta tashi. Malam ya matso da kujera ya zuba wa akwatin ido. Da aka gama ya ce, "Wane ne wannan?" Na ce shi ne mutumin, gyara shi aka yi. Ya ce, "Wa ya gyara?" Na ce Haula. Ya ce a maimaita masa, aka maimaita. Ya yi wa Alhaji godiya, muka fito.

Sai da muka shiga zaure ya tayar da zancen, karo na farko tun da abin nan ya faru. Zan rubuta maka yadda ya faɗa.

Ya ce, "Suwaiba, na farkon na gan shi. Zahra ta nuna mini kafin ta nuna miki. Kiɗan ya yi mini ciwo, yaran ma sun yi mini ciwo, shi ya sa na ɗan ja jiki har su gaji. Amma na sa ɗanta ya kashe sautin, na kalla ba sau ɗaya ba. Tun ina yaro, duk wanda idonsa ya sauka kan ƙafar nan sai ya kau da kai, har ke. Na san don kunya ne da tausayi, ban ƙi ba. Yarinyar nan ce kaɗai ta duba ba ta kau da kai ba, har ta san inda nake hutawa. Yanzu ta zauna da hannunta ta miƙe ta. Ashe ita ma ta fara jin kunyata."

Daga nan ya ɗauki buta ya fita. Tuwon dare bai ci ba.

"Har ke" ɗin nan ta tsaya mini a ƙirji, Mudi, har yanzu ban haɗiye ta ba. Amma kada ka ɗauka ka wanku. Ni cewa na yi ka cire shi. Ban ce ka zaunar da 'yarsa ta yi masa ƙafar malamin wasanni ba. Da ka cire shi, da fim ya gani babu shi a ciki, magana ta ƙare. Ka ƙi, don kada gasarka ta Damaturu ta wuce ka, ka yi mini wayon 'yan boko, ka ce ka cika sharaɗi. Yanzu mutum yana zaune yana ganin 'yarsa ta guje shi.

Ban samu bakin faɗa masa daga inda maganar gyaran ta taso ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ka sa ta mayar da na farkon yadda yake, ka aiko masa shi kaɗai, ba na gasa ba, ba na kowa ba.

Suwaibatu

Nguru, 14 ga Yuni, 2008

Yaya,

Lafiya lau.

Ban musa ba, na so gasar. Yaran nan ba su taɓa fita daga Nguru da wani abu nasu a hannu ba, ni ma haka. To ki kwantar da hankalinki, na rubuta na janye fim ɗin.

Na farkon da kike nema ba ni da shi. Da kika sa sharaɗi na goge shi daga kwamfuta don kada ya sake fita, takardun kuma suna hannun mai su. Na faɗa wa Haula abin da babanta ya ce, don ina ganin haƙƙinta ne ta sani. Ta ce, "Kawu, na zana shi an ce na tozarta shi, na gyara an ce kunyarsa nake ji. A wanne zan tsaya?" Na ce ta kawo takardun mu sake ɗauka, ta ce ba za ta sake nuna wa kowa su ba.

Tun ranar ba ta sake taka ɗakin kwamfuta ba. Fensiranta ta raba wa 'ya'yana. Jiya ta ce wa Fanne in an yi hutu gida za ta koma, ba za ta dawo ba. Abin da kika yi mini barazana da shi ke nan, yanzu ita da kanta take nema, sai ki shirya mata ɗaki.

Kin ce ni na ɓata. Ni na zaɓi hanyar, amma ke kika tsare ni a lungu, kuma kika yi magana da sunan mutumin da ba ki tambaya ba. Kina gida ɗaya da shi kika kasa cewa, Malam, me kake so a yi? Ki faɗa masa wanda ya sa sharaɗin. In ba ki faɗa ba zuwa Juma'a, ni zan rubuta masa, kuma a hannunsa Fatihu zai sa.

Mudi

Gashua, 17 ga Yuni, 2008

Mudi,

Muna lafiya.

Na faɗa wa Malam, kuma ba don tsoron wasiƙarka ba. Na faɗa masa ni na ce a cire shi, na faɗa masa tambayar da yarinyar ta yi maka, da raba fensiran, da maganar dawowarta. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce da ni kuma nawa ne, ba naka ba.

Wannan takardar da shi mota ɗaya za su hau gobe da safe. Na roƙi Fatihu in sun isa ya ba ɗan acaɓa ya riga shi kawo maka, don ka san abin da ke tafe. Yau da hantsi Malam ya sa rigarsa ta Juma'a ya ratsa tsakiyar kasuwa ya je tasha ya kama kujera da kansa. Yara sun fara kiɗan nasu, bai waiga ba, bai kuma ƙara sauri ba.

Ga saƙonsa. Ya ce kada ka tare shi a tasha, kada ka aiko masa da mashin. Daga tasha zuwa makarantarku da ƙafa zai zo, kuma lokacin da yara suke fili yake so ya shigo. Ya ce ka fito masa da Haula da takarda da fensir, sauran 'yan ajin ma duk mai so ya fito da tasa. Zai yi ta kai da kawo a gabansu har sai ta ce ya isa. Ya ce in ba a rufe karɓa a Damaturu ba ka mayar da fim ɗin, amma da ƙafarsa zai je, ba da ta malamin wasanni ba. Maganar dawowarta Gashua kuwa, ya ce babu ita sai ta gama.

Na ce masa hanyar da nisa, ga rana. Ya ce ya san nisan, tare muka kai Haula Nguru ranar farko, ni ce na sa shi ya tsaya a tasha don kada ƙawayenta su gan shi. Na ce in raka shi, ya ce in zauna.

Ni da kai ba mu shirya ba, kada ka ga doguwar takarda ka ɗauka an huce. In yarinyar ta ƙi ɗaukar fensirin, kada ka matsa mata, ka bar su su biyu. Kuma ka ce wa Fanne ta ɗora ruwan zafi da yamma, ta sa ɗan gishiri. Ƙafar kumbura take yi in ya yi doguwar tafiya, kuma ba zai faɗa muku ba.

Suwaibatu